Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kakakin Majalisar Wakilai, Iyan Zazzau: wa ke riƙe da sirrinmu?

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranka ya daɗe Iyan Zazzau, mai girma Kakakin Majalisar Wakilai ta Tarayya, Dakta Abbas Tajuddeen, barka da aiki, ya hidima da jama'a? Allah ya ƙara lafiya ya taya ka riƙo.

Ni ɗan mazaɓarka ne, gidanmu na cikin birni, shagona kuma na Tudun Wada, kafe ne ɗan ƙarami mai kwamfuta huɗu da firinta da injin fotokofi, shekara goma sha ɗaya kenan ina wannan sana'a. Wasiƙar ba tawa ce ni kaɗai ba, mun daɗe muna wannan hira da abokan sana'a, masu kafe da masu POS da masu gyaran waya na Tudun Wada da Kongo da Gyallesu, har da na PZ da Samaru waɗanda suka ce duk da su 'yan Sabon Gari ne in sa da su, tunda kujerar da kake kai ta kowa ce. Mu ne mutanen da sirrin jama'a ke bi ta hannunmu safe da yamma, shi ya sa muke ganin abin da wataƙila daga Abuja ba a hango shi, mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Bari in fara da ƙosai. Wata safiya na aiki yaron shagona ya siyo mana ƙosai, na buɗe takardar da aka ƙunshe shi sai ga fuskar wata baiwar Allah da hijabinta tana kallona, mai ya jiƙa rabin fuskar. Fotokofin takardar NIN ɗinta ne, ga cikakken suna, ga adireshin gida har da unguwa, ga lambobin nan goma sha ɗaya raɗau babu wadda ta goge. A bayan takardar kuma an rubuta lambar waya da lambar asusun banki da biro. Na koma wajen mai ƙosan na tambaye ta, ta ce ita dai buhu guda take siya a wajen masu kawo tsofaffin takardu, ta buɗe min ledar na ga irinsu sun fi a ƙirga, fom na neman tallafi, na neman aiki, na makaranta, duk an haɗa su da fasfo da fil. Wato wani ofis ne ya tara su, aka gama abin da za a yi, aka auna su a kilo aka sayar. Ita matar nan tana can gidan mijinta wanda na tabbata an rubuta "ba a shiga" a ƙofar zaure, bata san fuskarta da adireshinta na yawo a bakin titi ba.

Ranka ya daɗe, mu fa bamu kai kanmu ba. A watan Disamba na 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN ko a rufe, lokacin Malam Isa Ali Pantami na ministan sadarwa. Kowa a Zariya ya tuna layin da aka yi, tsofaffi da mata masu goyo tun asuba cikin sanyin hunturu, ana rubuta suna a takarda, ga korona ana cewa a ba da tazara. A watan Afrilu na 2022 aka hana layukan da basu haɗa ba kiran waya. Kafin nan mun ba banki yatsunmu da fuskarmu saboda BVN, mun ba hukumar zaɓe, mun ba kamfanin waya, yaro ma yanzu ba zai zauna JAMB ba sai da NIN. Bamu yi gardama ba saboda an ce mana don tsaronmu ne, an ce daga yanzu duk wanda ya kira waya yana neman kuɗin fansa an san shi an san inda yake.

To mun bayar. Sai me ya biyo baya? A watan Yuni na 2021 aka shiga Kwalejin Nuhu Bamalli a nan Zariya aka kwashi ɗalibai da malamai. A ranar 28 ga Maris 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, mutane suka yi wata da watanni a daji ana fitar da bidiyonsu. A Giwa da Birnin Gwari kuwa ba sai na faɗa maka ba, akwai gidajen da suka haddace lambar ɗan bindiga kamar lambar ɗan uwansu, ya kira da safe ya kira da dare ana ciniki, wani har kati ake tura masa. Shi kansa Malam Pantami a farkon 2024 ya fito ya koka cewa jami'an tsaro basa amfani da wannan haɗi na NIN da sim yadda ya kamata. In wanda ya kawo tsarin na kuka, mu da muka sha layi me za mu ce?

Amma abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne, idon nan da baya ganin mai garkuwa da mutane, yana gani tar in yaro ya yi rubutu. A watan Nuwamba na 2022 wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da ya yi rubutu a Twitter kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, an bi sawunsa har Jigawa aka ɗauko shi zuwa Abuja, ya yi kwanaki a tsare, sai da ƙasa ta ɗauki zafi kafin aka janye ƙarar. Ni ban ce abin da ya rubuta tarbiyya ba ce, da ƙanina ne da na ja masa kunne sosai. Tambayata ita ce da wace na'ura aka gano shi, wa ya sa hannu, kuma me ya sa na'urar bata aiki in talaka ne aka ɗauke wa 'ya? Ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ ma ta taɓa fitar da rahoto a 2020 kan yadda aka yi amfani da bayanan kiran waya wajen kamo 'yan jarida a ƙasar nan, a bi ta kan abokanka da kake yawan kira a yi tarko da su.

Kuma ba wai kayan aikin ne babu ba. A ƙaramin kasafin kuɗin 2021 Majalisa ta amince da sama da naira biliyan 4.8 ga hukumar leƙen asiri ta NIA don sa ido kan saƙonnin WhatsApp da wayar tauraron ɗan adam ta Thuraya. A ƙarshen 2020 masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto ta Kanada sun lissafa Najeriya cikin ƙasashen da alamu suka nuna suna amfani da kayan kamfanin Circles, wanda ke iya gano inda waya take da sauraron kira ta hanyar layin sadarwa kawai ba tare da an taɓa wayarka ba. Kuɗin talakawa ne aka siyo waɗannan kaya da su, Majalisa ce ta sa hannu, to wane kwamiti ne ya taɓa fitowa ya gaya mana mutum nawa aka saurara da su, nawa ne 'yan ta'adda, nawa ne 'yan adawa da 'yan jarida? Mu dai bamu ji ba.

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 bai yi nuƙu-nuƙu ba, ya ce an lamunce wa ɗan ƙasa sirrinsa, da na gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta waya. Amma ƙa'idar da ake sauraron wayar mutane da ita a yau ba doka ce da kuka zauna kuka tafka muhawara a kanta a zauren Majalisa ba, ƙa'ida ce da hukumar sadarwa ta NCC ta fitar a 2019, kuma a cikinta akwai ƙofar da ta ba da damar fara saurare in an ce gaggawa ce, daga baya a je a nemo takardar alƙali. Sannan dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin waya su ajiye bayanan wa ka kira, yaushe, na tsawon shekara biyu, su kuma miƙa in jami'an tsaro suka nema. Kai da kanka ka san ƙasar nan ranka ya daɗe, kalmar "gaggawa" da kalmar "umarni daga sama" babu ƙofar da basa buɗewa.

Wannan na manya ne. Na ƙasa-ƙasa kuma shi ne wanda muke sha kullum a hanya. Yaron shagona, ango ne watansa uku da aure, na aike shi ya karɓo min kayan firinta, a hanyar dawowa aka tsayar da motarsu a wani shinge, wani mai kaki ya dube shi ya ga jakar laftof ya ce ya sauko. Buɗe wayarka. Ya buɗe, don wa zai ƙi. Mutumin nan ya shiga hotuna yana ja da yatsa yana kallon hotunan amaryar yaron waɗanda ta ɗauka a ɗakinta babu ɗankwali, ya shiga WhatsApp ya kunna saƙon muryarta a sifika abokan aikinsa na dariya, ya shiga alat na banki yana tambayar ina ya samu dubu arba'in, alhali kuɗina ne na kayan. Ba a samu komai ba, aka ce ya ba da na ruwa ya tafi. Da ya dawo shago bai iya ba ni labarin ba sai da aka yi sallar la'asar, idonsa ya kaɗa ja, ya ce min "Oga wallahi da marina ya yi da ya fi min sauƙi." Tun watan Oktoba na 2020 Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Mohammed Adamu, ya sanar da hana binciken wayar mutane barkatai a hanya, an kuma sha nanata wannan umarni, amma umarnin na Abuja, shingen na nan.

Mu Hausawa ba baƙon abu bane a wajenmu wannan magana da ake kawowa kamar ta Turawa ce. Gidan Bahaushe an gina shi da zaure da soro da kwana-kwana don kada wanda ke waje ya hango tsakar gida. Baƙo komai girmansa a zaure yake tsayawa ya yi sallama. Kullum addu'armu Allah ya rufa mana asiri. A cikin suratul Hujurat Allah ya hana bin diddigin asirin juna, a suratun Nur ya hana shiga gidan wani sai da izini. To wayar nan ta aljihu ta wuce tsakar gida, ƙuryar ɗaki ce, a ciki ake rarrashin mata, a ciki ake roƙon bashi, a ciki sakamakon gwajin asibiti yake, a ciki ake gulmar dangi a nemi gafara. Masu cewa "in baka da abin ɓoyewa me kake tsoro" ina so su fara cire labulen ɗakinsu tukunna sai mu yi magana.

Sai batun sayar da mu da ake yi. A 2024 aka bankaɗo shafukan intanet da ke fitar da bayanan NIN na mutane ga duk wanda ya biya, ƙungiyar Paradigm Initiative ta ce da naira ɗari kacal ta siyo takardar NIN ta ministan sadarwa Bosun Tijani, da ta shugaban hukumar kare bayanai Dakta Vincent Olatunji. Naira ɗari, kuɗin da ko ƙosan nan bai isa ya ƙosar da yaro ba. Hukumar NIMC mai ba da NIN ta musanta cewa an fasa rumbunta. To mun ji, amma in ba a fasa rumbu ba kuma ga hatsi a kasuwa, ai sai a tambayi masu riƙe da makulli. In na minista bai tsira ba ina ga na gwaggota da bata iya karanta saƙon tes ba?

Illar abin muna ganinta da ido. Dattijo ya zo wajen mai POS yana kuka an share masa asusu, wanda ya kira shi ya faɗi sunansa uku, ranar haihuwarsa, da BVN ɗinsa, ya ce daga banki ne, yaya ba zai yarda ya karanto lambar da aka turo masa ba? Wata ta zo cike fom aka ce akwai layuka huɗu a kan NIN ɗinta, ita ɗaya ta sani, sauran ukun Allah kaɗai ya san a hannun wa suke da abin da ake aikatawa da su, ran da aka yi ɓarna da ɗaya kuma ƙofar gidanta za a buga. Ga masu ba da bashi ta manhajar waya, wani malamin firamare maƙwabcina ya ci dubu goma sha biyar matarsa na asibiti, ya yi lattin kwana huɗu, suka kwashe lambobin wayarsa kaf suka tura wa surukinsa da limamin unguwa da iyayen ɗalibansa cewa ɓarawo ne a guje shi, da hotonsa. Ya biya kuɗin, amma ya fi wata baya zama a majalisar ƙofar gida. Na san hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta taso musu tun 2022, Google ma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane a 2023, sai dai suna canja suna su dawo ta link a WhatsApp.

Idan ɓera da sata daddawa ma da wari, ba zan ɓoye namu ba. A cikinmu masu kafe akwai wanda kwamfutarsa cike take da fasfo da takardun mutane na shekara da shekaru, babu fasawod, kowane yaro ya zauna ya buɗe. Akwai masu gyaran waya marasa tsoron Allah da ke leƙa hotunan matan mutane, wasu aure ya mutu a kan haka. Akwai samarin da ke bi gida-gida suna karɓar NIN da BVN na mata da sunan za a kawo tallafi, a basu dubu ɗaya ko biyu, su je su buɗe asusu da sunansu. Lokacin siyasa ma haka, kowa da fom ɗinsa. Ni kaina sai bayan ƙosan nan na fara ƙona takardun da suka lalace a injin maimakon zubawa a bola, na kuma fara goge fayil ɗin kwastoma a gabansa. Babu wanda ya taɓa zuwa ya koya mana, babu wanda ya taɓa zuwa ya duba mu.

Alhali doka na nan. A watan Yuni na 2023, watan da ka hau wannan kujera, Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, aka kafa hukumar kare bayanai ta NDPC. Dokar ta ba mutum haƙƙin ya tambayi me aka ajiye a kansa, a gyara ko a goge, ta ce in bayanai suka zube a sanar da hukuma cikin awa 72. Mun ji an ci tarar manyan kamfanoni, har Meta mai Facebook da WhatsApp hukumar FCCPC ta ci tarar dala miliyan 220 a 2024. Madalla. Amma ka tsaya a Ƙofar Doka ka tambayi mutum ɗari ko sun taɓa jin sunan NDPC, in ka samu biyu na biya. Kuma dokar ta sassauta wa hukumomin tsaro da yawa daga cikin sharuɗɗanta, wato wanda ya fi kowa dogon hannu shi aka fi sakar wa mara.

Don haka ga roƙonmu, ranka ya daɗe, kuma mun kawo shi wajenka ne saboda mun ga a watan Agusta na 2024 da jama'a suka yi ca a kan ƙudirin nan na hana zagon ƙasa da ka gabatar, ka saurara ka janye shi. Wanda ya ji kuka sau ɗaya ana sa ran zai ƙara ji.

Muna roƙo Majalisa ta yi doka tata ta kanta kan sauraron waya da bin sawun mutane, a daina barin abin a hannun ƙa'idar hukuma. Kada a saurari kowa sai alƙali ya sa hannu, da sunan mutum, da dalili, da wa'adi, kuma duk shekara a kawo wa Majalisa adadin waɗanda aka saurara a karanta a fili. Jami'in da ya yi amfani da na'urar gwamnati don bin budurwa ko abokin hamayyar ubangidansa ya san akwai ɗauri. Akwai ƙudirin 'yancin jama'a a intanet da Majalisa ta taɓa zartarwa, marigayi Shugaba Buhari ya ƙi sa masa hannu a 2019, a kakkaɓe shi a gyara a sake turawa.

Muna roƙo a kira NIMC da NCC da NDPC da kamfanonin waya zaman jin bahasi a bainar jama'a, a watsa a rediyo da fassarar Hausa, su faɗa mana su wa aka ba lasisin shiga rumbun NIN, wa aka kama a kan abin da ya faru a 2024, wa aka hukunta. A kuma wajabta cewa duk lokacin da wani ya duba NIN ɗina ko ya yi rajistar layi da shi, saƙo ya shigo wayata kamar yadda alat na banki ke shigowa. In banki zai iya sanar da ni an cire min naira hamsin, ba zai gagari hukuma ba.

Hana binciken waya a shinge ya tashi daga sanarwar manema labarai ya zama doka mai hukunci, da lambar kai ƙara wadda ake ɗagawa. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet, mai hukunta mutum kan abin da ya rubuta ko ya tura a intanet, wanda kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki kuma kuka yi masa gyara a 2024, har yanzu ana kama mutane da shi, a sake dubawa, zagi da ɓata suna akwai kotun da ake kai su ba sai an ɗauke mutum da tsakar dare ba.

Na ƙarshe kuma shi ne wanda ba sai ka jira kowa ba. Ka sa baki hukumar NDPC ta samar da wajen kai koke a Zariya, ko tebur ɗaya ne, da mai jin Hausa a zaune, garin da ke da ABU da Nuhu Bamalli da dubban ɗalibai masu cike fom kullum bai kamata a ce sai ta imel da Turanci za a kai kuka ba. A tara mu masu kafe da POS da gyaran waya a koya mana yadda ake riƙe bayanan mutane, mun yarda daga nan duk wanda aka kama a rufe shagonsa. Ofisoshin gwamnati da na 'yan siyasa masu raba tallafi su daina tara fotokofin NIN in ba dole, wanda aka tara kuma a ƙone shi in an gama, muna so ofishinka na mazaɓa ya zama na farko da zai sanar da wannan tsari don saura su ji kunya su bi.

Takardar matar nan tana nan a durowar shagona, na kira lambar da ke baya sau biyu don in mayar mata, wani namiji ne ya ɗaga ya ce shi sabon layi ya siya bai san ta ba. In ka shigo gida hutun sallah ka aiko a karɓa, ko ka ba mu minti goma a zaure mu kawo maka da hannunmu.

Allah ya ja zamanin Iya. Wassalam.

Naka,
wani mai kafe a Tudun Wada, Zariya, a madadin abokan sana'arsa.